GYARAN HANYAR BURJI DA TARAKTA

Ya ku manoma da dagatai, kowa ya san abin da ke faruwa ga garin da hanyarsa ta mutu. Mai babbar mota ya ƙi shigowa, in ma ya shigo ya ninka kuɗin buhu. Ɗan kasuwa ya sayi gyaɗarku da dawarku yadda ya ga dama, zama ya san ba ku da wata mafita. Mai naƙuda kuwa sai a amalanke, cikin dare, cikin taɓo. A shekarar 1986 gwamnati ta kafa hukumar DFRRI, aka yi ta fasa hanyoyin burji a karkara. Da yawa cikinsu ba su daɗe ba suka koma kwazazzabo, domin an yi su, ba a sa mai kula da su ba.

To, yanzu ga tarakta a garuruwa da yawa, ta mai hali ko ta haya. Mu dai a ganinmu, garin da ke iya samun tarakta don huɗa ba shi da hujjar zama jiran gireda daga ƙaramar hukuma. Amma fa a yi hattara, gama tarakta a hannun wanda bai san aikin ba ta fi damina ɓarna.

Abin da a kan yi shi ne wannan. An ji babban baƙo zai zo, sai a kira direba tsakiyar rani, ya ɗaura ƙarfen kankara a bayan tarakta, ya bi hanya a guje, ya shafe ta sumul kamar daɓen ɗaki, ya ture burjin zuwa gefe ya bar shi kunya guda dama da hagu. Jama'a su yi ta sa albarka. Alhali kuwa rafi ya gina muku. Ran da aka yi ruwan farko ba shi da wurin fita, sai ya bi tsakiyar hanya, ya kwanta cikin sawun taya, ƙasa ta jiƙa ta yi laushi, mota ta taka ta burma. Mota ba ta haƙa rami a busasshiyar hanya mai tauri, sai inda ruwa ya riga ya kwana.

Saboda haka abu na fari shi ne doro. Lalle tsakiyar hanya ta fi gefenta tudu, kamar rufin kwano mai fuska biyu. Gwargwadonsa rabin inci ga kowace ƙafa guda, daga tsakiya zuwa baki. Watau in faɗin hanya ƙafa 16 ne, tsakiya ta ɗara gefe da inci 4, kimanin faɗin tafin hannun babban mutum. In ya gaza haka ruwa ya kwanta. In ya wuce ƙwarai, mota mai lodi ta riƙa karkacewa, direbobi su koma bin tsakiya kaɗai. Dagaci ba ya bukatar ma'auni na Turawa, igiya da turaku biyu sun isa: a ja igiyar ta gitta hanya daidai, a duba da ido.

Yadda za a sami doron kuwa, a karkata ƙarfen, bakinsa na wajen gefe ya shige gaba, don ya kwaso burjin da tayoyi suka watsar ya mirgino shi tsakiya. A tafi ta hannu ɗaya, a komo ta ɗayan, sa'an nan a baje abin da ya taru. Kada tarakta ta wuce saurin mai tafiya da ƙafa. In ta yi gudu ƙarfen ya kan yi tsalle, shi da kansa ya haifar da gargadar da aka zo kashewa. Rami kuma ba a rufe shi da ƙasa sako-sako a wuce. Sai a fasa kewayensa da diga har gindinsa, a cika da burji mai danshi, a daddaɓe. In ba haka ba, kasuwa biyu ta ci ramin ya komo wurinsa.

Lokacin aiki shi ne sa'ad da ƙasa ke da laima, watau bayan ruwan shuka, da kuma ƙarshen damina kafin a fara jigilar amfanin gona. Ka damƙi burjin a hannunka. In ya dunƙule bai ɗiga ruwa ba, ya yi. In ya wargaje, bari. Mun sani lokacin nan ne kowa ke rububin tarakta don gonarsa, kuma ba mu raina wannan uzuri ba. Amma yini ɗaya ne ko biyu, kuma bayan aiki motocin da ke wucewa su za su danne muku shi kyauta. Wanda aka yi da rani iska ce ke kwashe garin ƙasar da ke riƙe tsakuwa, a bar ku da tsakuwa zalla tana gangarewa.

Wanda ba shi da ƙarfen kankara kada ya ce ya huta. Wani manomi a jihar Misuri ta Amurka, sunansa D. Ward King, ya tsaga gungume biyu, ya haɗa su da katako, dawaki na jan su a karkace bayan an yi ruwa. Abin ya yi amfani har ma'aikatar gona ta ƙasarsu ta buga bayaninsa a 1908. Abin da dawaki suka ja, tarakta ta ja shi, shanun huɗa ma sa ja.

Saura magana mai nauyi, wadda ta fi shafar ku dagatai da masu unguwa. Ruwan da ya sauka daga doro sai ya sami lambatu a gefe, lambatun kuma sai an yanka masa ƙofofi jefi-jefi ya fice cikin fili, tun bai taru ya yi ƙarfi ba. Nan ne rigima take. Mai gonar da ke bakin hanya ba ya son ruwa ya shiga masa, sai ya bi dare ya toshe ƙofar. Wani kuma kowace shekara ya ƙara kunya ɗaya har ya cinye lambatun ɗungum. Kada a yi musu tsawa kurum, gama wanda ruwan mil guda ya faɗa wa gona ta ƙofa ɗaya yana da gaskiya. Maganinsa a yawaita ƙofofin, kowace gona ta karɓi kaɗan, inda gangare ya yi tsanani a sa su kusa da juna, a jera duwatsu a bakinsu don kada ƙasa ta zaizaye. Wannan aikin gayya ne na shebur da fartanya, tarakta ba ta yinsa. Haka yashe kwalbati.

Tun watan Afrilu dagaci ya tara masu gonakin bakin hanya, a bi ta da ƙafa tare, a kafa turke duk inda za a yanka ƙofa, kowa ya gani da idonsa ya yarda. A raba hanyar unguwa-unguwa, a tara kuɗin mai, kana a aika wa direba ranar da zai zo.