Newcastle ta jira shekara 70, mu kuma mun gaji tun ba a je ko'ina ba

Ran 16 ga Maris 2025, a filin Wembley na birnin Landan, Newcastle ta doke Liverpool da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin Carabao. Masu raina abu za su ce ai ƙaramin kofi ne. To, ga wanda ya ƙoshi ƙarami ne. Rabon garin nan da wani babban kofi na cikin gida tun 1955. Akwai dattijan da aka haifa bayan wannan shekara, suka yi aure, suka ga jikoki, ba su taɓa ganin irin wannan rana ba.

Wanda ya fara jefa ƙwallo a raga, da kai, shi ne Dan Burn. Ɗan Blyth ne, wani ƙaramin gari kusa da Newcastle. Yana yaro ƙungiyar ta sallame shi, ya yi aikin tura kurar kaya a kanti, ya zagaya ƙananan ƙungiyoyi, sai a 2022 ya dawo gida. Ka duba fa, yaron da aka ce bai isa ba, shi ya buɗe ƙofar da ta shekara 70 a rufe. Da aka zagaya gari da kofin, mutane dubu ɗaruruwa suka fito, ko wurin sa ƙafa babu.

Na san abin da za a ce a fada: kuɗin Larabawa ne. Gaskiya ne, asusun zuba jari na Saudiyya ya sayi ƙungiyar a Oktoban 2021, kuma kuɗi sun yi aikinsu. Amma me ya sa suka zaɓi Newcastle? Sau biyu ta faɗa rukuni na biyu, 2009 da 2016, kuma ko a lokacin, a matsakaici, mutum sama da dubu 40 ke zuwa filin St James' Park ranar wasa. Mai kuɗi ba ya zuba jari a kango. Ya tarar da gari tsaye bayan ƙungiyarsa, shi ya sa ya zo.

Abin da ke ci min rai ke nan idan na waiwayo gida. Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta ci a 1984. Daga nan kofin ya tare a Yamai, su Sahel da Olympic da ƙungiyoyin masu kaki suna ta juya shi tsakaninsu. Matashinmu kuwa zai lissafo maka ƴan wasan Real Madrid har da na benci, ya biya kuɗin gidan kallo da tsakar dare, ya yi faɗa da amininsa kan Barcelona, amma ka tambaye shi mai tsaron gidan ƙungiyar garinsu, sai ya yi dariya. Wai ba su iya ba. To wa zai iya a filin da ba kowa sai iska da masu sayar da ruwan sanyi?

Alhazan Maraɗi da na Tawa da ake ta kira su taimaka, ƴan kasuwa ne, lissafi suka sani. Ranar da suka ga fili ya cika har ana hawa katanga, ba sai an bi su gida da takardar roƙo ba.