Murfi mai makulli, da wanda ke riƙe da makullin

A watan Maris na shekarar 2025 isansi ya yi wuya a Yamai da sauran manyan garuruwan ƙasa, har mutane suka riƙa yini a layin gidajen mai. A wannan lokaci ne masu motoci da yawa suka gane cewa man da ke cikin tanki kuɗi ne da aka aje a bakin titi ba mai gadi.

Satar kuwa ba ta da wuya. Tiyo guda, da bido guda, da duhun dare sun isa. Ɓarawo ya buɗe murfi, ya zura tiyo, ya zuƙa da baki, sai mai ya gangaro da kansa muddin bidon yana ƙasa da tankin. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi zuwa tamma 499. Bisa wannan lissafi, wanda aka zuƙe wa lita 20 ya yi hasarar jika goma ba dala huɗu kafin a kira asuba. Kuma man sata ba ya da alama. Da zarar ya shiga kwalba a bakin hanya, ba wanda zai ce ga mai shi.

A da, galibin man kwalba daga Najeriya yake shigowa, ta Ɗan Isa da Ƙonni da Magarya, da arha ƙwarai. Amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, wannan hanya ta ƙafe, nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20.000 a yini. Duk sa'ad da mai ya yi daraja, hannun ɓarawo yakan yi ƙaiƙayi.

Saboda haka ya kamata duk mai tsohuwar mota ko kamiyo ya sa murfi mai makulli. Wanda aka zuƙe wa sau biyu ya riga ya biya abin da ya fi kuɗin murfin, ga shi bai samu murfin ba. Sai dai a nemi wanda ya dace da motar, a tambayi makanike kafin a saya. Wasu tsofaffin motoci ta murfi tankinsu yake shan iska. In aka sa masu wanda ya toshe gaba ɗaya, mai ba zai sauko sosai ba, mota ta riƙa mutuwa a hanya. Masu cusa tsumma a bakin tanki kuwa, sun buɗe ƙofa ga ƙurar hunturu da ruwan damina da gobara baki ɗaya.

Ba a ce murfin yana hana kowane ɓarawo ba. Babura da makulli suke zuwa, amma ana zare tiyon da ke ƙarƙashin tanki a tatse su. Sabbin motoci da dama suna da abin da ke hana tiyo shiga, sai ɓarayi a wasu ƙasashe suka koma huda tankin kansa. Amfanin makulli shi ne ya ɓata wa ɓarawo lokaci, ya sa shi yin ƙara, kuma mafi yawan masu wannan sana'a gaggawa suke yi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne motocin gwamnati. Nan ɓarawon ba kullum yake haurowa ta katanga ba. Sau da yawa ya san inda ake rataye makulli, wani lokaci ma a aljihunsa yake kwana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ma'aikatar da ba ta rubuta litar da aka zuba da kilomitar da aka yi, ita ta koya wa mutanenta wannan hali. Kuma ba direba kaɗai ake nufi ba. Shugaban da ke aika motar aiki ɗaukar itace ko kai iyali biki, da wane baki zai tambayi direbansa ina mai ya tafi?

A duba motar ɗaukar marasa lafiya ta gidan likitan ƙauye. An cika ta ran Litinin. Daren Laraba aka kawo mace mai naƙuda wadda sai an kai ta Maraɗi ko Tawa, aka murza makulli, allura tana ƙasa. Sai dangi su shiga bin gida gida neman kwalba, su saya da tsada, watakila ma man da aka zuƙe daga motar ne suke sake saye.

Don haka a ma'aikata makullin tanki bai kamata ya zama ɗaya da na tuƙi ba. A raba su. Na tanki ya zauna hannun mutum guda da aka sani da suna, a buɗe gaban shaida, a rubuta rana da lita da lambar kilomita cikin littafin motar, shugaban ma'aikata ya duba littafin ƙarshen kowane mako ya sa hannu. Motar marasa lafiya kuwa, a auna manta kowace yamma kafin mai gadi ya kama aiki, a sake aunawa da safe kafin ya tashi.