Wa Zai Duba Lafiyar Likita?



Idan ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani a Roni ko Gwiwa, mukan garzaya babban asibitin Kazaure ko na Babura. In abin ya yi tsanani, sai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A ranar Lahadi mukan yi wa majiyyaci addu'a, amma ba safai mukan tuna da wanda ya riƙe wuƙar tiyata ba. Shi ma mutum ne, yana gajiya, yana kuma iya karaya.

A shekarar 2008 ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta tambayi mambobinta halin da suke ciki, 7,905 suka amsa. Kashi 40 cikin ɗari sun nuna alamun gajiyar aiki mai cin rai. Ɗaya cikin 16 ya ce tunanin kashe kansa ya zo masa a cikin shekarar da ta gabata, kuma cikin waɗannan, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ya nemi taimakon likitan ƙwaƙwalwa. Da yawa sun ji tsoron kada maganar ta shafi lasisin aikinsu. Binciken ya kuma nuna cewa mata sun ɗan fi maza wannan gajiya, kuma su ne suka fi fama da karo tsakanin aikin asibiti da hidimar gida. Idan haka ne a ƙasar da take da likitoci birjik, ina ga wurinmu, inda likita ɗaya kan kwana yana aiki, gari ya waye ya tarar da layi?

A ganina, a nan ƙasar Hausa kowanne da abin da yake rufe masa baki. Namiji tun yana yaro aka ce masa namiji ba ya kuka. In ya zama likita, sai mu ɗora masa kujerar dattijo da kwamitin gini, mu mai da shi wurin kai kuka. Wa zai kai wa nasa? Ita kuwa mace tana da Zumuntar Mata, inda ake faɗin damuwa a yi addu'a tare. Amma in ta ce aikin ya yi mata yawa, sai a ce dama tiyata ba aikin mata ba ce. Saboda haka takan haɗiye, ta dawo gida ta tarar da girki da yara suna jiranta.

Littafi Mai Tsarki bai kira gajiya rashin bangaskiya ba. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi, daga baya ya ba shi Elisha. A Fitowa 18 kuma, Yetro ne ya gaya wa Musa cewa zai gajiyar da kansa in bai raba aikin ba.

Don haka ina roƙon dattawanmu abu uku. Na farko, mu rage wa ma'aikatan lafiya nauyin kwamitoci, mu daina tare su da takardun gwaji a ƙofar majami'a. Na biyu, Zumuntar Maza ta zama wurin da namiji zai ce na gaji, maganar kuma ta tsaya nan. Na uku, fasto ya san iyakarsa: in damuwa ta kai ga rashin barci ko tunanin mutuwa, a haɗa addu'a da ganin likitan ƙwaƙwalwa, a asirce. Ku kuma mazajen likitoci da nas-nas, taya matanku aikin gida hidima ce ga Ubangiji.

Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, kowa ya san kowa, shi ya sa riƙon asiri ya zama dole. Dattijon da ba ya iya riƙe bakinsa, kada a kai masa irin wannan magana.

Ubangiji ya ƙarfafa hannuwan masu yi mana magani. Amin.