Musun gwani a ƙwallon kwando: Kafin a ƙirga buhu, a duba mudun awo

Makon jiya bayan sallar Isha'i ina zaune a teburin wani mai shayi a nan Malumfashi, sai musu ya kaure tsakanin wasu samari biyu. Na ɗauka maganar Barcelona da Real Madrid ce kamar kullum, ashe ƙwallon kwando ce ta haɗa su. Ɗaya ya kafe a kan cewa LeBron James ya gama da kowa, tunda babu wanda ya kai shi yawan maki a tarihin gasar NBA ta Amurka. Ɗayan ya ce makin zamanin nan araha gare shi, alƙalan wasa ne ke rabon sa kamar goron ɗaurin aure. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ƙaraminsu ya juyo ya ce da ni, "Yaya, kai da kake ɗan jarida, raba mana gardamar nan."

Ban raba ba a daren. Yaran nan biyu ba su cika ganin wasa daga farko har ƙarshe ba, domin lokacin da ake buga shi a Amurka mu nan ƙarfe biyu ne ko uku na dare. Guntayen bidiyo suke gani a waya da safe, sai lambobi. Amma tambayar tasu ta cancanci amsa, kuma amsar ta shafe mu fiye da yadda suke zato.

Duk wanda ya tashi a yankin Funtuwa da Malumfashi ya san cewa idan manomi ya ce bana ya samu buhu 100 na masara, ba a nan ake tsayawa ba. Sai an tambaye shi girman gonar, da yawan takin da ya zuba, da irin da ya shuka, da yadda damina ta kasance. Mai buhu 40 a ƙaramar gona yana iya fin mai buhu 100 iya noma. Haka lissafin maki yake a ƙwallon kwando.

A ranar 7 ga Fabrairun 2023 LeBron ya wuce maki 38,387 da Kareem Abdul-Jabbar ya tara, tarihin da Kareem ya riƙe tun watan Afrilun 1984. A watan Maris na 2024 kuma ya haye maki 40,000. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk wanda ya raina shi bai yi adalci ba. Mutum ya kwashe sama da shekara 20 yana gudu da tsalle tare da yaran da ya haife su, bai gaza ba, wannan kaɗai abin jinjina ne.

Sai dai gonakin biyu ba ɗaya ba ne. Kareem ya yi shekara huɗu a jami'a kafin ya shiga NBA a 1969, shi kuwa LeBron daga sakandare ya wuce kai-tsaye a 2003 yana da shekara 18. Jifan nesa mai maki uku bai shigo gasar ba sai 1979, lokacin Kareem ya riga ya ci rabin zamaninsa, kuma sau ɗaya tak ya taɓa cin irin wannan jifa a wasannin kaka. LeBron ya ci fiye da 2,000. A 2004 kuma aka tsaurara dokar hana mai tsaro ɗora hannu a jikin mai riƙe da ƙwallo, abin da ya buɗe wa masu kai hari hanya. Saboda haka da aka ga Joel Embiid ya ci maki 70, bayan kwana huɗu Luka Doncic ya ci 73, duk a watan Janairun 2024, ba wai 'yan wasan da ba su iya ba ne. Mudun ne ya canza.

A maganar alƙalan wasa, yaron nan na biyu yana da ɗan kamshin gaskiya. A kasuwar hatsi kowa ya san mai awo yana iya cutar ka ba tare da ya taɓa buhunka ba, ya ɗan lotsa gindin kwano ko ya rage tozo. Alƙalin wasa shi ne mai awon fili. Idan ya busa cewa an yi wa ɗan wasa keta, sai a ba shi jifan kyauta babu mai tare shi, kuma irin wannan jifa yana tara maki da yawa. Shi ya sa da Shai Gilgeous-Alexander ya lashe kyautar gwarzon shekara a 2025, magoya bayan wasu ƙungiyoyi suka yi ta yi masa ba'a cewa neman usur ya iya. Magoya bayansa kuma suka ce ai wanda ya gagari masu tsaro dole a yi masa keta.

Zargin ba a banza ya samo asali ba. A 2007 aka gano wani alƙalin NBA mai suna Tim Donaghy yana caca a kan wasanni, har da waɗanda shi ne ya yi alƙalancinsu, kuma kotu ta ɗaure shi wata 15. A watan Janairun 2023 ma, a wasan Lakers da Celtics, Jayson Tatum ya bugi hannun LeBron a daƙiƙar ƙarshe kowa yana gani, alƙalai ba su busa ba, Lakers ta sha kashi a ƙarin lokaci. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da ya biyo baya: alƙalan sun fito sun amsa cewa sun yi kuskure. Tun 2015 hukumar gasar ke fitar da rahoto a rubuce kan hukuncin da aka yanke a minti biyu na ƙarshen duk wasan da ya yi kankankan, ta ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure. Wasu na cewa ihu ne bayan hari, tunda ba a canza sakamako. Ni ina ganin amfaninsa, domin mai awon da ya san za a sake auna hatsinsa a bainar jama'a yakan gyara hannu.

Kyautar gwarzon ɗan wasa, wadda aka fi sani da MVP, ita ce ta fi nuna cewa maki kaɗai ba ya yanke hukunci. A ranar 2 ga Maris na 1962 Wilt Chamberlain ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa guda, kuma a wannan kakar yana cin sama da maki 50 a kowane wasa idan aka raba. Amma ba shi aka ba kyautar ba. Bill Russell na Boston aka ba, wanda makinsa bai kai 20 ba a kowane wasa, domin tsaronsa ne ke sa ƙungiyarsa cin kofi. Kuma a lokacin 'yan wasan ne da kansu ke jefa ƙuri'a, wato waɗanda suka san wanda ya fi hana su barci. Yau 'yan jarida 100 ne ke zaɓe, kuma musun bai mutu ba. A 2023 an ba Embiid ɗan asalin Kamaru, wanda ya fi kowa maki, sai ga Nikola Jokic da aka tsallake ya ɗauki kofin gasar bayan makonni kaɗan. Daga kakar da ta biyo baya aka sa sharaɗin cewa sai wanda ya buga aƙalla wasa 65 cikin 82 zai shiga takara. Embiid ɗin ne ma sharaɗin ya fara ci, domin rauni ya kwantar da shi bayan ya ci maki 70 ɗin nan. Dokar tana da zafi, amma an faɗe ta tun kafin a fara wasa, kuma ba ta duba fuskar kowa ba.

To, me ya kawo wannan duka teburin mai shayi a Malumfashi? Ga abin da na lura da shi. Wasan da Chamberlain ya ci maki 100 babu bidiyonsa. A wani ƙaramin gari mai suna Hershey aka yi shi, 'yan kallo ba su kai 5,000 ba. Abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne akwai wanda ya zauna a gefen fili da takarda da alƙalami ya rubuta komai. A ɗaya ɓangaren kuma, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas wanda ya zama gwarzon gasar a 1994, shi ne ke riƙe da tarihin tare ƙwallo a sama har sau 3,830. Dattawan wasan na cewa Russell da Chamberlain sun tare fiye da haka, amma ba a fara ƙirga wannan ba sai 1973, bayan duk sun yi ritaya. Abin da ba a rubuta ba ya tafi ke nan, ko da kuwa a Amurka ne.

Na tambayi samarin nan biyu su kawo mini sunan ɗan wasa uku na ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars, wadda ta sha ɗaukar kofin gasar Najeriya. Shiru. Ɗayansu bai ma san Pillars tana da ɓangaren kwando ba. Na tambaye su ko sun san cewa Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a nan ya koyi wasan a hannun wani koci Ba'amurke mai suna Oliver Johnson. Nan ma shiru, ga Zariya kuwa kusa da mu. Ban ga laifinsu ba. Wayar da ke hannunsu za ta ba su lissafin wasan da aka yi shekara 60 da suka wuce a wata nahiya, amma ba za ta ba su na wasan da aka yi bara a filin makarantar unguwarsu ba.

Ba gwanaye muka rasa ba. Tawagar maza ta D'Tigers ta ci kofin Afirka a 2015, ta kuma doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a 2021. 'Yan matan D'Tigress sun kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Paris a 2024, abin da babu wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. Amma a gida, rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando da ya ɓarke a 2017, inda aka yi zaɓe biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, ya sa gasar cikin gida ta yi shekaru tana tafiyar hawainiya. A 2022 har gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin ta sauya shawara an riga an ba Mali gurbin 'yan matanmu a gasar cin kofin duniya. Idan manya na rigima a kan kujera, wa zai tuna da takardar rubuta maki?

A matakin ƙasa abin ya fi ciwo. Shekarun baya na halarci wata gasar unguwanni ta ƙwallon ƙafa a wani gari na yankinmu. Ranar rufewa kowa ya san yaron da ya fi kowa cin ƙwallo, amma babu takardar da ke nuna haka. Masu shirya gasar suka yi ƙus-ƙus a gefe, aka kira ɗan'uwan wanda ya ɗauki nauyin gasar aka miƙa masa kyautar gwarzo. Yaron bai ce komai ba, ya ɗauki takalminsa ya tafi, kuma ban sake ganin sa a fili ba. A yankin da zaman banza da matsalar tsaro ke cin matasa, duk yaron da rashin adalci ya kora daga filin wasa asara ce ga gari baki ɗaya.

Gyaran ba ya buƙatar miliyoyi. Duk wata gasa, ta kwando ce ko ta ƙafa, ta makarantu ko ta unguwanni, a ajiye mutum ɗaya da littafi ya rubuta sunan kowane ɗan wasa da abin da ya ci, kyaftin biyu su sa hannu bayan an tashi, a ɗauki hoton shafin a ajiye. A sallami alƙali daga asusun gasar tun kafin wasa, kada ya tsaya jiran ihsanin wata ƙungiya, kuma a samu kwamitin da zai saurari ƙorafi a kansa. Sharuɗɗan kyautar gwarzo a karanta su ranar buɗewa, ba ranar rufewa ba. Masu kula da wasanni a Jihar Katsina da ƙananan hukumomi su sa wannan ya zama sharaɗin duk wani tallafi. Filin kwando kuwa mita 28 ne da 15, harabar sakandare da yawa a Malumfashi da Bakori da Ƙafur za ta ɗauke shi. Masu farautar 'yan wasa na gasar BAL ta Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, lambobi da bidiyo suke tambaya. "Wallahi yaron nan ya iya" ba ta isar su.

Ga amsata ga ƙannen nan nawa. LeBron ne ya fi kowa yawan buhu, wannan babu musu. Wanda ya fi iya noma kuwa, ku ci gaba da gardama, amma kowa ya riƙa faɗin girman gona da irin mudun da ya yi awo da shi. Sannan idan hutun makaranta ya zo aka buɗe gasar unguwa, ina so in ga ɗayanku a gefen fili da littafi da biro. Littafin farko ni zan saya.