Hoto a Gaban Dala Ba Ziyarar Alƙahira Ba Ce

Mutum zai dawo daga Alƙahira da hotonsa bisa raƙumi a gaban dalar Giza, ya ce ya ga birnin. Bai gan shi ba. Abin da ya gani shi ne hanyar da ta fi wa kamfanin yawon buɗe ido sauƙi da riba.

Ba na raina dalar Khufu. Ginin da ya kai shekara 4,500 yana tsaye ya cancanci a je masa. Abin da nake ƙi shi ne tsarin da ke mayar da birni jerin wuraren ɗaukar hoto: safiya a Giza, azahar a gidan tarihi, la'asar a kasuwar Khan al-Khalili ana cinikin tsaraba.

Daga wannan kasuwa, titi ɗaya za a tsallaka a shiga Masallacin Azhar, wanda Faɗimiyawa suka fara ginawa a 970. A cikinsa aka ware wa ɗaliban Borno masauki nasu na kansu. Mai ilimin da ya biya kuɗin jirgi daga Kano, ya tsaya a bakin wannan titi, ya juya da ledar tsaraba, ya yi asarar da hoto ba zai biya ba.

Za a ce kwanakin tafiya kaɗan ne. To, shi ya sa bai kamata a miƙa su ga jadawalin wani ba. A karanta tarihin gari kafin a sayi tikiti, a zaɓi wuri biyu, a zauna a cikinsu.