Daura Ko Tsibiran Tafkin Chadi?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ana gardama kan inda za mu kai ziyarar ƙaro ilimi bana. Wasu sun ce tsibiran Tafkin Chadi, don ganin tsuntsaye da masunta. Ni kuwa na ce Daura.

Daga Dambatta ta Kazaure, a yini ɗaya a je a dawo. Baga kuwa sai an kwana a hanya, ga rashin tsaro a yankin tun 2009, kuɗin motar kuma daga rumbun iyayenmu zai fito. A Daura za mu ga fadar Sarki da rijiyar Kusugu, inda aka ce Bayajidda ya kashe macijiya. Wanda bai san tushen Hausa Bakwai ba, me zai gaya wa baƙo? Mu fara da gida tukuna. Allah ya kawo zaman lafiya, mu ga tsibiran wata rana.