Takin tallafi: a ina yake maƙalewa kafin ya isa gona?

1/ Jama'a, damina ta ƙarato, za mu sake jin "gwamnati za ta raba wa manoma taki". Kafin a fara tafi, ku zo mu duba yadda tallafin nan ke tafiya. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa 🧵

2/ A nan Samaru cibiyar IAR take, tushenta tun 1922. Irin masara SAMMAZ, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA, wannan "SAM" ɗin Samaru ake nufi. Ilimi dai akwai shi a ƙofar gida. Amma ingantaccen irin masara bai yin abin kirki sai da taki, kuma takin ne ya gagari ƙaramin manomi.

3/ Ba yau aka fara ba. A 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, an kawo tsarin GES: saƙo ya shigo wayarka, ka je wurin dila ka karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Yana da matsalolinsa, amma aƙalla sunan manomi ne a rajista.

4/ A Nuwamba 2015 Buhari ya ƙaddamar da Anchor Borrowers a Kebbi. CBN ta zuba sama da naira tiriliyan 1. Bashi ne fa, amma mutane da yawa suka ɗauke shi rabonsu na gwamnati. Kuɗi mai yawa bai dawo ba, shirin ya tsaya. Wa ya yi asara? Manomin gaskiya da ya biya nasa.

5/ Sai shirin taki na shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, buhun NPK a ₦5,500. Ku shiga kasuwar Sabon Gari yau ku tambayi farashi. Ya ninka sau da yawa, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

6/ Matsala ta farko: lokaci. Masara na son NPK a makonni biyun farko bayan shuka, yuriya kuma wajen mako na 5 zuwa 6. In aka shuka a Yuni, takin da ya zo ƙarshen Agusta wa zai amfana? Masara ta riga ta yi goyo. Dole mutum ya sayar da shi.

7/ Ta biyu: wa ke rubuta sunaye? In jerin ya bi ta hannun 'yan siyasa, mai katin jam'iyya da bai taɓa riƙe fartanya ba zai samu, manomin Bomo ko Basawa ya saya a hannunsa. Wallahi wannan ba tallafi ba ne, sabuwar sana'a ce aka buɗe wa wasu.

8/ Ta uku: farashin kaka. A Yulin 2024 aka ɗage harajin shigo da masara, shinkafa da alkama na kwana 150. Mu ɗalibai mun ji sauƙin abinci, ba ƙarya. Amma wanda ya sayi taki da tsada ya kai masara kasuwar Giwa ta faɗi, baɗi zai rage gona.

9/ Wasu na cewa a soke tallafin kawai. Ban yarda ba. Amurka da Tarayyar Turai ma suna tallafa wa manomansu. A gyara dai:
• taki ya iso kafin ƙarshen Afrilu
• a liƙa sunayen masu karɓa a kowace mazaɓa, kowa ya gani
• malaman gona su tantance gonar da ido
• gwamnati ta sayi hatsi da kaka a farashin da ta sanar tun kafin shuka

10/ In manomi ya rage gona, mu ne za mu ji a mudun masara. 'Yan Giwa, Soba, Kudan, Makarfi: bara a wane wata taki ya iso garinku, kuma wa ya samu? Ku faɗa mana a ƙasa.